Babur a Nijar: Kuɗin da aka hana makanike, asibiti ke karɓar su

Tun kafin rana ta ɗaga, bakin babbar kasuwar Maraɗi ya cika da babura. Ƴan kabu-kabu sun jeru suna jiran fasinja, magidanta na wucewa da yara uku-uku zuwa makaranta, wani ya ɗauro buhun gero, wani ya rungumo rago. Haka abin yake a Kasuwar Dole ta Damagaram, haka a tashar Tawa, haka a Katako da Wadata a birnin Yamai. Masu kaski a kai kuwa ba su da yawa, kuma ko cikin masu shi akwai waɗanda suka rataye shi a hannun babur, sai sun hango ɗan sanda su kifa.

A garuruwan kudancin Nijar, babur ya wuce abin hawa kawai. Shi ne jarin saurayin da ya gama makaranta bai samu aiki ba, shi ne motar asibitin ƙauye idan naƙuda ta zo cikin dare, shi ne abin da ɗan ci-rani ke fara tunanin saya idan ya tara ƴan kuɗi. Sai dai ranar da aka fito da shi daga shago, ba a gama biyan kuɗinsa ba. Akwai sauran lissafi, kuma hanyar biyansa biyu ce: ko a riƙa biya da kaɗan-kaɗan wajen makanike da mai sayar da kaski, ko a biya gaba ɗaya a gadon asibiti.

Daga ci-rani zuwa kan hanya

Babura da yawa da ke yawo a Tawa, Magarya, Matamai ko Tasawa, da gumin wanda ba ya gari aka saye su. Yaya yana Abijan, Kumasi, Legas, Tamanrasat ko Libiya, ya turo kuɗi ta Nita ko Amana, ya ce a saya wa ƙane babur ya riƙa kabu-kabu yana ciyar da gida. Ana zaɓa tsakanin irin su Haojue, Kasea, Bajaj da TVS, a yi addu'a, a ɗauki hoto a tura masa ta WhatsApp.

Abin da ba kasafai ake sa wa a lissafin ba shi ne kuɗin kaski, da na takardu, da na gyaran watannin farko. Kuɗin duka sun tafi a kan babur, sauran sai yadda ta yiwu. Wanda kuma ba nasa ba ne babur ɗin, yana da adadin da zai kai wa mai shi kowace yamma, ko an samu fasinja ko ba a samu ba. Wannan adadin ne ke sa gudu, da lodin mutum uku, da aiki har tsakar dare. Shi ne kuma ke jefa wasu cikin shan tramol don kashe gajiya, alhali ƙwayar na rage hankalin mai tuƙi, idan ta yi yawa ma tana kawo farfaɗiya, a kan babur ko a ƙasa.

Fetur: tsakanin kwalba da gidan mai

Shekaru da dama masu babura a Maraɗi, Ƙonni da Damagaram sun dogara da ruwa-ruwa, fetur ɗin da ake tsallakowa da shi daga Najeriya ana sayarwa a kwalabe a bakin hanya. Al'amarin ya sauya daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a Najeriya. Kwalba ta yi tsada, jama'a suka koma gidajen mai. A watan Yulin 2024 hukumomin Nijar suka rage kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga dubu 20 a rana, ta samu kanta da masu saye fiye da na da, har ta kai ga dogayen layuka a watan Maris na 2025.

Ga mai babur, batun bai tsaya a farashi ba. Man da ya kwana a jarka ko kwalba a buɗe yakan ɗebi ƙura da ruwa, su kuwa a karbirato suke taruwa. Babur ya fara shaƙewa, yana mutuwa a tsakiyar hanya, wani lokaci daidai lokacin da direba ke ƙoƙarin wuce babbar mota. Ƴar matatar fetur da ake ɗaurawa a tiyo tsakanin tanki da karbirato ba ta da tsada, kuma tana tare mafi yawan wannan datti.

Abin da makanikai ke gani kullum

A garejin babura, matsalolin da ake kawowa kusan iri ɗaya ne, kuma yawancinsu da ƙaramin abu suke farawa.

Na farko shi ne baƙin mai. Injin ƙananan baburan nan, masu ƙarfin 100 zuwa 150, lita ɗaya ko ƙasa da haka yake ɗauka, kuma iska ce kaɗai ke sanyaya shi. A zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, man yana saurin tsinkewa. Shi ya sa makanikai ke son a yi juye, abin da ake kira bidanj a gareji, bayan kowace tafiyar kilomita 1000 zuwa 1500. Ɗan kabu-kabu mai aiki sosai zai iya cin wannan tazara cikin mako biyu. Irin man ma abin dubawa ne: kulocin babur a cikin man injin yake wanka, don haka wasu mayukan mota ke sa shi santsi. Alamar JASO MA a jikin galan ita ce ke nuna cewa man na babur ne. Man da aka juye daga wata mota aka tace aka sake durawa a kwalba kuwa, arharsa ta rana ɗaya ce, ƙarshenta sauke inji.

Na biyu matatar iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu kan toshe ta cikin ƴan kwanaki. Idan ta toshe, babur ya riƙa shan fetur fiye da kima. Idan aka cire ta aka jefar, kamar yadda wasu ke yi don babur ya ƙara gudu, yashi ya shiga inji kai tsaye yana cin fistan kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Wanke ta ko kaɗe ta sau ɗaya a mako ba ya cin minti goma.

Na uku sarƙa. Sakinta bai kamata ya wuce santimita 2 zuwa 3 ba idan aka ɗaga ta da yatsa a tsakiya. Ta yi sako-sako, tana iya zamewa ta maƙale tayar baya ana cikin gudu. Ta yi tauri, ta cinye haƙoran da take hawa. Marfin sarƙa da samari ke cirewa don ado yana da aiki biyu: yana hana yashi shiga, yana kuma hana zani, hijabi ko babbar riga naɗewa. Mata da dama sun faɗo daga bayan babur ne saboda bakin mayafi ya shiga taya.

Na huɗu birki. Akwai direbobin da ba sa taɓa birkin gaba sam, wasu ma sun bar wayarsa a tsinke, saboda tsoron kada ya kifar da su. A kan kwalta, birkin gaba ne ke da mafi yawan ƙarfin tsayar da babur, kuma wanda ya dogara da na baya kaɗai zai ja tazara mai tsawo kafin ya tsaya. Inda tsoron ke da tushe shi ne cikin yashi, wanda ya cika lungunan Maraɗi da Damagaram har ya hau gefen kwalta. A nan, matse birkin gaba da ƙarfi na zamar da taya. Maganin shi ne a koyi haɗa su biyun a hankali, a fili, kafin ranar da za a buƙace su.

Sai taya, fitila da madubi. Tayar da zanenta ya shafe tana iya kai mutum duk rani, ranar ruwan farko na damina ta yaudare shi. Fitilar baya da ta mutu ƙwai ɗaya ne na ƴan daloli, amma a kan babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, tsakanin Madawa da Maraɗi ko Tasawa da Damagaram, ita ce kaɗai abin da direban babbar mota ke iya hangowa cikin dare. Madubi kuwa, samari da yawa tun ranar farko suke kwance shi, wai ya fi kyau a haka.

Kaski: wane iri, kuma yaya aka sa shi

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a watan Disambar 2023 ya ce mutum miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara a duniya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Hukumar ta ce kaski mai inganci da aka sa daidai yana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6, yana kuma rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100.

Lissafin gudu ma yana bayyana dalili. Babur mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya ga akuya ta faɗo hanya ya kai ƙafa kan birki, ya riga ya cinye wannan tazara. Idan gudu ya ninka, tazarar da birki ke buƙata sau huɗu take ninkuwa. Karo da bango a gudun 50 kuwa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, kamar daga saman bene mai hawa uku.

Dokar hanya ta Nijar ta wajabta sa kaski, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER na yawan faɗakarwa a kai. Uzurin da aka fi ji a fada shi ne zafi, sai cewa tafiyar ba nisa. Amma galibin tafiyar mai babur a cikin gari take, nan ne kuma ake haɗuwa da amalanke, adaidaita, yara da dabbobi. Ayarin rakiyar amarya, inda samari ke wasa da babura suna sakin hannu, shi ma ya sha mayar da gidan biki gidan makoki.

Ba kowace hula mai tauri ce kaski ba. Hular magina, wadda wasu ke sawa don kauce wa tara, an yi ta ne don tare abin da ya faɗo daga sama, kuma takan tashi tun kafin kai ya taɓa ƙasa. Abin da ke ceton rai a kaskin gaske shi ne farin soso mai kauri da ke ƙarƙashin ɓawon, wanda ke murƙushewa ya shanye bugun. Alamar ECE 22.05 ko 22.06 a jikin igiyar na nuna cewa an gwada shi. Dole ya kama kai ba ya juyawa, a kuma ɗaure igiyar haɓa, don kaskin da ba a ɗaure ba shi ke fara barin mai shi. Wanda ya taɓa shan bugu mai ƙarfi ya gama aikinsa ko da bai tsage ba, domin soson ba ya komawa yadda yake. Takalmi rufaffe maimakon silifa, dogon wando mai kauri da safar hannu su ma suna rage raunin da kwalta ke yi wa fata.

Awar farko bayan faɗuwa

Idan hatsari ya auku a gari, cikin minti ɗaya jama'a sun taru, kowa na son taimakawa. A nan ne ake yin kura-kuran da ke ƙara rauni. Wani ya ɗago wanda ya faɗi ya zaunar da shi, wani ya fizge kaskin, wani ya kawo ruwa, wani ya ja ƙafar da ta karye wai ya daidaita ta, a ƙarshe a ɗora shi a wani babur tsakanin mutum biyu.

Abin da masu aikin ceto ke koyarwa daban ne. A fara tare hanya don kada wata mota ta ƙara afkawa. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 ko ƴan sanda a 17. Wanda ke kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a motsa shi sai idan wurin na da haɗari, kuma idan dole ne a ɗauke shi, a ɗauke shi a miƙe a kan katako ko ƙofa, mutum ɗaya na riƙe da kai. Kaski a bar shi, sai fa idan yana hana numfashi. Jini a danne shi da tsumma mai tsabta. Ruwa da abinci a dakata, saboda idan tiyata ta kama, cikin da ke cike matsala ne wajen sa barci.

Akwai wani tarko da ya ci mutane da yawa. Mutum ya bugu a kai, ya suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo ya kaɗe rigarsa ya ce lafiya lau, a kai shi gida. Bayan ƴan awoyi ya fara amai, ciwon kai ya tsananta, barci ya rinjaye shi, a ɗauka hutawa yake. Jini ne ke taruwa a cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya suma, ko yake amai, ko ya rikice, ko jini ko ruwa ke fita ta kunnensa ko hancinsa, asibiti ne wurinsa nan take. Wanda aka sallama ma a sa masa ido na kwana biyu.

Ƙunar salansa, wadda ta fi samun mata da yara a ƙwaurin dama, ruwa mai sanyi take so na kimanin minti 20. Man goge baki, ƙwai da baƙin mai da ake shafawa ƙwayoyin cuta kawai suke ƙarawa.

Ɗori ko asibiti

Karaya ita ce ke kawo babbar muhawara a cikin iyali. Masu ɗori suna da daɗaɗɗen matsayi a ƙasar Hausa, suna kusa, kuɗinsu da sauƙi, ana kuma iya biyansu a hankali. Asibiti kuwa akwai kuɗin hoto, kuɗin magani, wani lokaci kuɗin ƙarfen da za a sa, ga tsoron da ya zauna a zukata cewa likita yanke ƙafa yake yi. Shi ya sa ake samun iyalan da ke ɗauke marar lafiya daga gadon asibiti su nufi ƙauye.

Karaya dai iri-iri ce. Wadda ƙashi bai goce ba kuma fata ba ta fashe ba, sau da yawa takan haɗe idan aka tsare ta. Wadda ƙashi ya huda fata kuwa, ƙasa da datti sun riga sun shiga, tana buƙatar wanki a ɗakin tiyata, da allurar kashe ƙwayoyin cuta da ta tetanus, cikin awoyin farko. Idan aka rufe ta da kara da tsumma, ƙashin na iya ruɓewa ya yi ta fitar da mugunya shekara da shekaru. Karayar cinya, ta ƙugu da wadda ta shiga gaɓa su ma sai da hoto ake sanin halin da suke ciki.

Haɗari mafi girma shi ne ɗauri mai tsanani. Gaɓar da ta karye kumbura take yi, idan karan ɗori ya matse ta, jini ya daina wucewa, kuma naman da ya rasa jini na kusan awa 6 ya fara mutuwa. Alamun su ne zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu su yi sanyi, su daina ji, su fara baƙi. A kwance ɗaurin a tafi asibiti a wannan daren. Sau da yawa ƙafar da ake cewa likita ya yanke, ta riga ta mutu kafin a kawo ta.

Manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram, asibitocin kai marasa lafiya na ƙarshe da ke Yamai da Maraɗi, asibitin jihar Tawa da asibitin Galmi duk suna karɓar masu karaya. A watan Agustan 2024 gwamnati ta sanar da rage rabin kuɗin ganin likita, gwaje-gwaje, hoto, kwanciya da tiyata a asibitocinta. Wannan ya rage nauyi, kodayake takardar magani da ciyar da mai jinya suna nan a wuyan iyali.

Watannin da babur ke jingine

Ƙashin wuyan hannu yakan ɗauki kimanin mako 6 kafin ya haɗe. Ƙashin ƙwauri, wanda ya fi karyewa a hatsarin babur, yakan ci wata 3 zuwa 6. Duk tsawon wannan lokaci babu kuɗin shiga, ga haya, ga cefane. Wannan matsin ne ke sa wasu cire filasta da kansu su koma hanya, ƙashin ya sake gocewa, jinyar wata uku ta zama ta shekara. Taba sigari na jinkirta haɗewar ƙashi. Gashin ƙashi bayan cire filasta, wato motsa gaɓar a ƙarƙashin kulawar masani, shi ke hana gwiwa ko idon sawu sandarewa. Wasu kuma jikin ya warke amma tsoro ya rage, gaba na faɗuwa da an ji ƙarar birki. Komawa a hankali, ta ƙananan hanyoyi, ba tare da fasinja ba, ya fi a yi ta maza.

A nan ne takardu ke nuna amfaninsu. Nijar na cikin ƙasashen da ke aiki da kundin inshora na CIMA, wanda ya wajabta wa duk mai abin hawa mai inji ya yanki asiransi. Abin da masu babura da yawa ba su sani ba shi ne, wannan inshorar ta dole wanda aka buge take biya, har da fasinja, amma ba ta biyan direban da ke tuƙi. Idan mota ce ta buge shi, inshorar motar ce za ta biya, ita kuma sai da takardar binciken da ƴan sanda ko jandarmomi suka yi a wurin. Sulhun da ake yi a bakin hanya, a miƙa jika biyar ko goma a ce Allah ya kiyaye gaba, yakan ƙare tun kafin a biya kuɗin hoton farko. Wanda ba shi da lasisi, ko takardar mallakar babur, ko inshora, shi ke fara neman a rufe maganar ko da shi ne mai gaskiya.

Wasu ƴan kabu-kabu na rage wannan raɗaɗi ta hanyar asusu a tashoshinsu, kowa na zuba ɗan abu kullum don ranar da ɗayansu ya kwanta. Inda babu irin wannan, wayar farko da ake bugawa bayan hatsari ta wanda ke ci-rani ce. Shi da ya turo kuɗin babur, shi zai turo na hoto, na tiyata, da na cefanen watannin da za su biyo baya. Kaski biyu masu kyau, inshorar shekara, da juyen mai a kan lokaci ba su kai ko kusa da wannan ba, kuma ana iya cire kuɗinsu tun ranar da ake lissafin sayen babur ɗin, kafin a ɗauki hoton da za a tura masa.